Idan Numfashi Ya Yi Wuya: Abin Da Za Mu Yi Kafin A Kai Asibiti

A wannan fitowa za mu yi magana a kan numfashi. Mutum yakan yi kwanaki bai ci abinci ba, ya rayu. Amma idan iska ta daina shiga huhu, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa. Daga yawancin ƙauyukanmu ba a isa asibiti cikin wannan ɗan lokaci. Saboda haka wanda ke kusa da majiyyaci, uwa ce, ko maƙwabci, ko mai bishara, shi ne mai taimako na fari.

Ciwon da ya fi ɗauke mana yara ta wannan hanya shi ne nimoniya, wanda muke kira sanyin haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ya kashe yara fiye da 740,000 'yan ƙasa da shekara 5. UNICEF kuma ta ƙiyasta cewa a 2018 Nijeriya ta rasa yara 162,000 ta dalilinsa, fiye da kowace ƙasa a duniya. Alhali ciwon yana jin magani idan an gane shi da wuri.

A Ƙirga Numfashi

Zafin jiki kaɗai ba ya nuna ko zazzaɓin sauro ne ko ciwon huhu. Abin da ke nunawa shi ne numfashi. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, ba ya kuka. A duba agogo ko waya, a ƙirga sau nawa cikinsa ya taso cikin minti ɗaya cif. Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

1. Sau 60 ko fiye, ga jariri da bai cika wata 2 ba.
2. Sau 50 ko fiye, daga wata 2 zuwa wata 11.
3. Sau 40 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5.

Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ya kai 30, ko ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya ja iska, yana cikin haɗari.

Yaro mai tari da saurin numfashi, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar. Maganin da aka fi bayarwa shi ne amoksisilin. Ma'aikacin ne zai faɗi yawansa, kuma a shanye shi duka ko da yaro ya warware.

Alamun Haɗari

Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tashi zuwa asibiti nan take:

1. Ƙasan ƙirji yana faɗawa ciki duk sa'ad da yaro ya ja numfashi.
2. Yana nishi, ko ana jin ƙara mai kaushi a maƙogwaro alhali ba kuka yake yi ba.
3. Harshe da cikin leɓe sun yi duhu ko toka-toka.
4. Ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai.
5. Jijjiga, ko barcin da ake tashe shi da ƙyar.
6. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, da fari-farin abu a can cikin baki. Wannan alamar mashaƙo ce, cutar da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ta kuma shigo Jihar Katsina. Tana toshe hanyar iska, tana yaɗuwa, don haka a raba majiyyacin da sauran yara.

Taimakon Farko

Duk mai wahalar numfashi da yake cikin hayyacinsa, a zaunar da shi, ya ɗan karkato gaba. Kada a tilasta masa kwanciya. A sassauta masa tufafi, a buɗe taga, jama'a su ja baya.

Idan abu ya maƙale. Gyaɗa, gurjiya, ƙwallon dabino ko yankan nama sukan toshe maƙogwaro. Muddin mutum yana tari da ƙarfi, a bar shi ya ci gaba da tarin. Idan ya kasa tari da magana, a sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafin hannu. In abin bai fito ba, a tsaya bayansa, a dunƙule hannu a saman cibiya, a fizgo ciki da sama sau 5. A yi ta maimaitawa. Jariri da bai cika shekara ba, ba a matsa masa ciki. A kifa shi a kan hannu, kansa ƙasa-ƙasa, a buga bayansa sau 5, a juyo shi, a danna tsakiyar ƙirji sau 5 da yatsu biyu. Kada a zura yatsa ana lalube, gama yana ƙara tura abin ciki.

Asma. Ƙurar hunturu, hayaƙin kara da ƙaiƙayin sussuka sukan tayar da ita. A ba mai ita maganin shaƙarsa na salbutamol, feshi ɗaya bayan kowane minti, har zuwa 10 ga babba. Ga yaro, a huda gindin gorar roba ta rabin lita, a sa bakin maganin a ramin, a fesa, yaro ya shaƙa ta bakin gorar. Idan babu sauƙi, sai asibiti.

Hayaƙi. Garwashi a ɗaki rufe, da janareta a cikin gida ko bakin taga, suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da amai, a buɗe ƙofa, a fitar da su waje, a kai su asibiti ko sun ce sun ji sauƙi.

Fiya-fiya da maganin feshi. Alamarsu ita ce yawan miyau, zufa, amai da kurman numfashi. A cire wa mutum tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a gefe, a tafi da kwalbar maganin don likita ya gani. Yaron da ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko madara, domin amai ne yake kai kananzir cikin huhu.

Idan Ya Suma

A ɗaga haɓarsa, a ɗan mayar da kansa baya, a dubi ƙirji na daƙiƙa 10. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, baki yana duban ƙasa, don amai ya zubo waje. In ba ya numfashi, ko sai ɗan shaƙuwa jefi-jefi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, da saurin 100 zuwa 120 a minti, sa'an nan a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 2. A ci gaba haka. Ga yaro, ko wanda aka tsamo daga ruwa, a fara da hura iska sau 5.

Abin Da Ba Za A Yi Ba

Kada a ɗura wa mai wahalar numfashi ruwa, kunu ko jiƙo. Kada a turara masa hayaƙi. Kada a kai yaro wurin wanzami a yi masa tsaga a ƙirji ko a cire masa beli. Waɗannan ba sa buɗe huhu, sai ɓata lokaci da zubar da jini.

A Tashi Tun Da Rana

Dukanmu mun san halin hanyoyinmu da dare. Mun kuma tuna watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro. Ba kullum ne za a sami kiran mota ba. Yaron da numfashinsa ya yi sauri da hantsi, kada a ce bari mu ga kwanansa. A ƙirga da safe, a sake ƙirgawa da tsakar rana, a tashi tun da sauran haske.

A kan babur, babba ya zauna a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya. Yaro kuwa a rungume shi ta gaba inda ake ganin fuskarsa. Kada a goya shi a lulluɓe kansa. In yana iya tsotso, a ci gaba da ba shi nono. Mai alamar haɗari yana bukatar iskar oksijin, don haka a nufi babban asibiti, kamar na Ƙanƙara, Malumfashi ko Funtuwa. Da isa, kada a shiga layi. A gaya wa nas cewa numfashi ne, a faɗi adadin da aka ƙirga, da lokacin da abin ya fara, da maganin da aka riga aka ba shi.

Aikin Ikilisiya

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su zaɓi masu babur biyu da za a iya tasa kowane lokaci, su kuma ware wani abu daga baiko domin kuɗin mai da na kati. Zumuntar Mata ta koya wa kowace uwa ƙirgan numfashi. A kai jarirai rigakafi a mako na 6, na 10 da na 14. Allurar haɗi biyar da aka fara a Nijeriya a 2012 tana kare mashaƙo da tarin shiƙa, ta nimoniya kuma an fara ta a 2014. A wata na 9 a kai su ta ƙyanda.

Addu'a wajibi ce, amma kada a tsayar da majiyyaci har sai an tara jama'a. Fasto ya yi addu'a ana ɗora shi a kan babur, ikilisiya ta ci gaba da yi bayan sun tafi. Basamariyen nan da Ubangijinmu ya ba da misalinsa ya ɗaure raunukan mutumin, ya ɗauke shi zuwa masauki, ya kuma biya kuɗin jinyarsa. Muna roƙo a karanta wannan takarda bayan sujada ranar Lahadi, a gwada ƙirgan a kan yaro mai lafiya, a kuma manna ta a bangon majami'a. Allah ya tsare mu da 'ya'yanmu. Amin.