Daga bikin Agadez zuwa Kaura Namoda: ɗan makunnin da ke sauya muryar jita

A shekarar 2008 wani matashi Buzu daga Jamhuriyar Nijar ya sauka Sakkwato, ya shiga situdiyo ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Sunansa Mdou Moctar. Ba a shago aka san waƙoƙin ba, daga waya zuwa waya suka yi ta yawo a memori da bulutut, har suka tsallaka Sahara. Yau yana cikin makaɗan jitar da ake ji da su a Amurka da Turai.

Irin wannan hanya ce ta shigo da kiɗan jitar Agadez arewacin Zamfara. Zurmi na iyaka da Nijar, Shinkafi kuma tsohuwar kasuwa ce da 'yan ƙetaren iyaka suka saba da ita. Yankin dai gidan kalangu ne da kotso, ƙasar da har gobe ake sauraren Narambaɗa, jita kuwa baƙuwa ce. Amma akwai ta: a majami'u, a hannun ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, da ɗakunan samarin da suka ji Bombino ko Etran de L'Aïr a waya suka ce su ma sai sun koya.

Matsalar mai koyo kusan ɗaya ce a ko'ina. Ya yi tari ya sayi jitar lantarki ta hannu da ɗan ƙaramin amfilifaya, ya kunna, sai ya ji sautin ko dai yana tsinke kunne kamar an ja ƙusa a kan kwano, ko kuma ya dushe kamar an rufa masa bargo. Sai ya yanke hukunci cewa jitar ce ba ta da kyau, ko sai ya sayi wata na'urar ƙawata sauti. Sau da yawa maganin yana nan ƙarƙashin hannunsa na dama, kuma ko sisi ba ya ci.

Kunnuwa uku, murya biyar

Jitar lantarki ba ta da ƙwarya irin ta gurmi ko garaya da za ta ƙara wa tsirkiya amo. Abin da ke ɗaukar sautin shi ne waɗansu 'yan sanduna da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, makaɗa na kiransu fikof (ba motar a-kori-kura ba). Kowane ɗaya maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai rawar ta zama 'yar wutar lantarki, amfilifaya ya mayar da ita sauti. A taƙaice, kunnuwan jita ke nan.

A samfurin Stratocaster, wanda kamfanin Fender ya fitar a 1954 kuma yawancin jitocin araha da ke shigowa kasuwanninmu shi suke kwaikwayo, kunnuwan uku ne. Ɗaya kusa da wuya, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyi ke ɗaure a gindi. Gefensu akwai ɗan makunni mai kama da giyar mota, shi ke zaɓar kunnen da zai saurara.

Duk mai kaɗa molo ya san sirrin tun kafin a ƙirƙiro lantarki. Ka taɓa tsirkiya kusa da jaki, sauti ya fito siriri mai kaifi. Ka matsa sama, ya fito da kauri da taushi. Dalili shi ne tsirkiya ta fi lilo a wajen tsakiyarta, kusa da jaki kuwa a ɗaure take, ƙananan karkarwa masu zaƙi ne suka fi fita. Kunnen wuya yana jin kaurin, na jaki yana jin kaifin.

Fender na ƙirga matakan daga jaki. Na 1 kunnen jaki shi kaɗai, na 2 jaki da tsakiya, na 3 tsakiya, na 4 tsakiya da wuya, na 5 wuya. Abin sha'awa, da farko matakai uku kawai makunnin ke da su. Makaɗa ne suka gano cewa idan suka maƙale shi tsakanin mataki biyu, wani sauti daban na fita, har wasu kan cusa tsinken ashana don kada ya zame. Sai a 1977 kamfanin ya bi su, ya mayar da matakan biyar.

Wanne ya dace da tsabtataccen sauti?

Tsabtataccen sauti shi ne wanda ba a dagula shi da gurnani ba, kowace tsirkiya a ji ta ita kaɗai. Shi ne ginshiƙin kiɗan bikin Agadez, inda jita biyu ko uku ke saƙa gajerun kalamai suna maimaitawa a kan ganga da tafi. Idan ɗaya ta dushe, saƙar ta lalace.

Mataki na 1 shi ne tarkon masu koyo, domin ya fi kowanne tsaga hayaniya, suna jin kamar shi ne ya fi ƙarfi. A filin biki, inda ganguna ke tashi mata na guɗa, yana da ranarsa. Amma a ƙaramin amfilifaya mai siririyar lasifika azaba ne. Ƙari a kan haka, a tsohon tsarin Stratocaster maɓallan rage kaifi guda biyu na kunnen wuya ne da na tsakiya, na jaki ba shi da linzami. Ka murɗa su har ka gaji, ba abin da zai sauya.

Mataki na 5 akasinsa ne. Yana da daɗi idan jita na raka mawaƙi a hankali, ko a waƙar majami'a mai sanyi. Aibinsa shi ne idan akwai jitar bes da fiyano, duk sai su taru a ƙasa su cunkushe.

Na 2 da na 4 su ne ake yabo. Kunnuwa biyu suna sauraren tsirkiya ɗaya daga wurare biyu, wasu sassan sautin su soke juna, abin da ya rage ya fito da ɗan ƙwas-ƙwas kamar ana magana ta hanci. Sautin da ake danganta Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits da shi ke nan, mutumin da Bombino ya sha faɗin cewa ya koyi kiɗa yana kallon bidiyonsa da na Jimi Hendrix. Sai dai a sani, ƙarar takan ɗan ragu a waɗannan matakan biyu, kuma a tsakiyar ganguna tana iya ɓacewa.

A ganina, wanda aka fi zalunta shi ne na 3. Ba shi da suna, ba a yi masa kirari, amma ga wanda ke kaɗawa da yatsa ba da ɗan roba ba, kamar yadda yawancin makaɗan Agadez ke yi, shi ne ke fitar da kowace tsirkiya a fili ba tare da ya soki kunne ba. Mai koyo ya fara daga nan. Idan ganga ta danne shi ya koma na 2, idan ɗakin ƙarami ne mai kwano da siminti ya koma na 4.

Wanda jitarsa samfurin Les Paul ce, ko mai kama da ita, matakansa uku ne, kunnuwansa biyu masu faɗi. Waɗannan sun fi tura wuta, shi ya sa ƙaramin amfilifaya kan fara gurnani ko ba a so ba. A bar makunnin a tsakiya, a ɗan rage ƙarar daga jikin jitar, sautin zai washe.

Ƙugin janareta

Akwai abin da mai kiɗa a Landan ba ya fama da shi kamar na Kaura. Siririn kunne irin na Stratocaster ba tsirkiya kaɗai yake ji ba, yana kwasar ƙugin wutar lantarki da ke kewaye da shi. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ita ce wannan "zuuu" da ke fita a lasifika ko ba a taɓa jitar ba. Ƙaramin janareta, wayoyin da ba a haɗa su da ƙasa ba, da cajar waya ta araha a soket ɗaya, duk suna ƙara ta.

Nan ma makunnin na da amfani. A jitoci da yawa na zamani, an naɗe wayar kunnen tsakiya a juye, maganaɗisunsa ma a juye, saboda idan ya haɗu da ɗan'uwansa ƙugin ya soke kansa. Gwajin mai sauƙi ne, kuma ya kamata a yi shi tun a shago kafin a biya kuɗi: a kunna amfilifaya, kada a kaɗa komai, a bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙugin ya lafa a na 2 da na 4, jitar na da wannan tsarin. Dabarar ce dai injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya haɗa a kunne guda a shekarun 1950, shi ya sa masu faɗin nan ba su cika ƙugi ba.

Sai batun waya. Yawancin masu sauraron mai koyo a yau ba a fili suke ba, a WhatsApp ne da TikTok. Lasifikar waya ba ta iya fitar da kaurin sauti, don haka abin da ya yi daɗi a ɗaki a mataki na 5 kan zama shiru-shiru a bidiyo, na 1 kuma ya ƙara kaifi. A ɗauki kalami guda sau biyar, kowanne a matakinsa, a saurara a wayar kafin a tura.

Idan kuma makunnin ya fara ƙarar-ƙarar ko wani mataki ya ɗauke gaba ɗaya, musamman da hunturu, galibi ƙura ce ta shiga. Masu gyaran rediyo da waya suna da ruwan fesa na wanke mahaɗar lantarki. A fesa kaɗan ta tsagar, a kai makunnin gaba da baya sau da yawa. Man inji kuwa kada a kusance shi da shi, ƙurar yake ƙara kamawa.