Fawa Bank Ba Ya Dafa Ruwa: Yadda Za Ka Haɗa Gahawa Mai Daɗi A Hanyar Tafiya



Duk mai yawo a TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da tallar 'yan ƙananan na'urorin haɗa gahawa masu batir, irin waɗanda ake caji da wayar USB-C. A bidiyo abin gwanin sha'awa ne: mutum na zaune a mota, ya danna maɓalli ɗaya, sai ga gahawa tana zuba har da kumfa. Kafin ka tura kuɗinka, zo mu yi lissafin da masu tallar ba sa yi, domin a nan ne ake gane na'urar da za ta yi maka aiki a hanya da wadda za ta ƙare a ƙarƙashin gado.

Lissafin wuta

Kofi ɗaya na gahawa yana cin ruwa kimanin mililita 250. Kafin wannan ruwan ya tashi daga digiri 25 zuwa 95, yana buƙatar wuta kusan Wh 20. Idan ka juya bayan fawa bank ɗinka mai 10,000mAh, za ka ga an rubuta 37Wh, kuma ba duka yake bayarwa ba, wani kaso yana salwanta a zafi. Ke nan kofi ɗaya ya cinye fiye da rabin cajin da ka tanada wa wayarka. Ga kuma lokaci: a kan wat 18, wato ƙarfin caji mai sauri na wayoyi da dama, sai ka jira sama da awa ɗaya. Butar lantarki mai wat 1,500 tana gama wannan aiki cikin kusan minti ɗaya. Soket ɗin mota kuwa, mai ba da kimanin wat 120, zai ɗauki aƙalla minti 10.

Shi ya sa na'urori masu batir suke dafa ɗan ruwa kaɗan, na kurɓa biyu ko uku, kuma bayan 'yan kofuna batir ya mutu. Darasin a fili yake: kada ka ɗauki wuta don dafa ruwa, ɗauki ruwan da ya riga ya dahu. Filas mai kyau shi ne fawa bank ɗin gahawa. Ka fara ɗauraye cikinsa da tafasasshen ruwa na minti biyu, ka zubar, sannan ka cika shi har baki. Idan ya ƙare a hanya, babu tashar motar da za ka rasa mai shayi da zai cika maka.

Na'urorin da ba ruwansu da caji

Ta farko ita ce AeroPress, wadda wani injiniya ɗan Amurka mai suna Alan Adler ya fitar a 2005. Kamar ƙaton sirinji take, ta roba ce, ba ta fashewa a jaka. Ka zuba gari da ruwa, ka juya, ka jira minti biyu, ka danna a hankali. A 2019 aka fitar da AeroPress Go, wadda duk kayanta suke shigewa cikin kofinta. Abin da ya sa ta dace da matafiyi shi ne Adler da kansa ya ba da shawarar ruwa mai digiri 80 ga gahawar da aka soya ta yi duhu. Don haka ko ruwan filas ya ɗan huce bayan awanni, ba a yi asara ba.

Ta biyu ita ce mazurari da takardar tacewa. Wata Bajamushiya mai suna Melitta Bentz ce ta ƙirƙiro wannan takarda a 1908. Yanzu akwai mazurari mai naɗewa kamar walat. Shi ne mafi araha, sai dai ya fi son ruwa mai zafi sosai, tsakanin digiri 90 zuwa 96, kuma yana son hannu a natse. A cikin mota mai gudu kan hanya mai ramuka, cinyarka ce za ta sha gahawar.

Ta uku ita ce Nanopresso ta kamfanin Wacaco, ga masu son gahawa mai kauri irin ta Italiya. Da yatsa ake buga famfonta har ya matso ruwan da ƙarfi. Tana aiki, amma ƙananan sassanta suna da yawa, wankinsu a hanya sai mai haƙuri.

Akwai kuma butar Moka ta Bialetti, wadda ta fito a Italiya a 1933. Ba ta lalacewa da wuri, amma dole sai da murhu. Ta dace da mai zuwa sansanin bautar ƙasa ko ƙauye ya kwana biyu. Mai hawa jirgin sama ya sani ba a yarda da tukunyar gas ba ko kaɗan, shi kuma fawa bank a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin manyan kaya ba.

Gari da awo sun fi na'ura muhimmanci

Da zarar an niƙa 'ya'yan gahawa, ƙamshinsu yake fara gudu. Ƙaramin injin niƙa na hannu, irin Timemore C2 ko na Hario, yana niƙa na kofi ɗaya cikin kusan minti guda. Idan babu hali, a niƙa maka ana gobe tafiya, ka raba giram 15 a kowane ƙulli, ka rufe yadda iska ba za ta shiga ba. Laushin garin ya zama kamar gishirin miya, ba kamar fulawa ba.

Awo mai sauƙin tunawa shi ne giram 1 na gari ga giram 16 na ruwa. Giram 15, wato kusan babban cokali uku shafe, ya ishi kofi ɗaya. Ledar fiya wata ɗaya mililita 500 ce, tana ɗaukar giram 30, kofi biyu ke nan. Ruwan ma a kula da shi: idan yana da zartsi ko warin magani, haka gahawar za ta fito.

Idan ɗanɗano bai yi ba, ka bi shi yadda muke bin matsala a manhaja: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Ta yi tsami? Ƙara laushin gari ko ƙara lokaci. Ta yi ɗaci har da bauri? Rage lokaci ko bar garin da ɗan tsaki. Agogon wayarka ya isa wannan aiki, ba sai ka sauke wata manhaja ba.

Wanda ba ya son ɗawainiyar ruwan zafi, ya zuba gari mai tsaki giram 40 a gorar ruwa mai mililita 500, ya sa a firji awa 12 zuwa 18, ya tace da safe. A lokacin bazara babu kamarta, amma a shanye ta a ranar idan babu sanyi.

Me za ka fara saya?

Filas da farko, sannan gahawa sabuwar suya, sai AeroPress ko mazurari, injin niƙa ya biyo baya. Mai batir ta zo a ƙarshe, idan kuɗi ya ragu.

A ƙarshe ga jan kunne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce miligiram 400 na sinadarin kafin a rana, wato kimanin kofi huɗu, shi ne iyakar da ba ta cika cutar da baligi mai lafiya ba. Rabin abin da ka sha yana nan a jikinka bayan kusan awa 5, don haka kofin la'asar zai iya bin ka har gado. Mai tuƙi kuma ya sani gahawa jinkirta barci take yi, ba ta biyan bashinsa. Idan ido ya yi nauyi, a faka a huta. Allah Ya kai mu lafiya.