Rabon Lokaci Tsakanin Ayyuka Masu Nauyi Daban-daban a Cikin Na'ura

A cikin shekarar 1929 ne hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta iso Ƙauran Namoda, inda ta tuƙe. Layi ɗaya ne tak, saboda haka in jirgin fasinja da na gyaɗa suka nufo juna, tilas ɗaya ya raɓe a tasha har ɗan'uwansa ya wuce. Wanda zai jira kuwa ba a bar wa son ran direba ba, akwai ƙa'idar da aka shimfiɗa tun kafin a hura wuta.

Irin wannan matsala ce ke fuskantar ƙananan kwamfutocin da a ke dasawa cikin na'urori, kamar waɗanda ke cikin motocin zamani masu zirga-zirga tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta guda aiki ɗaya ta ke iya yi a lokaci ɗaya, gama taura biyu ba ta taunuwa. Ga shi kuwa kowane aiki yana da wa'adinsa, wanda in ya wuce, amsar ta zama banza ko da daidai ce. Har wa yau ayyukan ba nauyinsu ɗaya ba. In allon gaban direba ya makara, abin bai wuce ɓacin rai ba. In lissafin birki ya makara, rai ne a bakinsa.

A shekarar 1973 wasu masana biyu a Amurka, Liu da Layland, suka nuna cewa in an fifita aikin da ya fi saurin maimaituwa, kowane aiki zai cika wa'adinsa, muddin jimlarsu ba ta cinye fiye da wajen kashi 69 cikin 100 na lokacin ƙwaƙwalwar ba. Amma fa wannan lissafi yawan maimaituwa ya duba, bai dubi nauyi ba. Sa'an nan yana bukatar a san iyakar daɗewar kowane aiki, abin da masu binciken lafiyar jiragen sama su kan ƙiyasta da yalwa ƙwarai don tsoron haɗari. In an bi ƙiyasinsu ga dukkan ayyuka, sai na'ura ta yini tana zaman jiran ranar da da ƙyar za ta zo.

Steve Vestal na kamfanin Honeywell shi ya kawo mafita a shekarar 2007, watau a yi wa aiki ƙiyasi fiye da ɗaya: na yau da kullum, da na taka-tsantsan. Ga misali. A ƙaddara ana maimaita ayyuka biyu cikin kowane awo 10 na lokaci. Birki ya kan ci awo 3, amma masu bincike sun ce a tanadar masa 6. Allo kuwa 5 ya ke ci. To, 6 da 5 sun zarce 10, amma 3 da 5 sun shiga har da saura. Dabarar da Baruah da Burns da Davis suka bayyana a shekarar 2011 ita ce a bar su duka biyu su yi ta gudana, ana lura da agogo. Da zarar birki ya haura awo 3 bai ƙare ba, sai a jingine allo nan take, a sakar wa birki dukkan fili.

Tun kafin a rubuta waɗannan ƙa'idodi an ga amfanin irinsu. Ran 20 ga watan Yuli na 1969, kumbon Apollo 11 yana sauka bisa wata, sai wata na'urar hange ta riƙa satar lokacin kwamfutarsa har aiki ya yi mata yawa. Kwamfutar ta yi gargaɗi da lambobin 1202 da 1201, ta zubar da ƙananan ayyuka, ta riƙe na tuƙi da saiti, aka sauka lafiya.

Duk da haka injiniyoyi da yawa ba su gamsu da zubar da aiki ɗungum ba. Hujjarsu ita ce, aiki mai ƙaramin nauyi ba marar amfani ba ne: direban da allonsa ya mutu bai san gudun da ya ke yi ba. Don haka bincike na baya-bayan nan ya karkata ga rage wa irin waɗannan ayyuka lokaci, da kuma maido su da zarar matsi ya wuce. Ko ta wace hanya aka bi, na'ura ba ta san darajar rai ba. Mutum ne zai zauna tun da sauran sarari ya yanke abin da za a riƙe da abin da za a saki, ya kuma tabbatar da lissafinsa kafin a ɗora fasinja.