Shirin Musamman: Ina Kasuwar Mai Digirin Hidimar Jama'a a Ƙasar Haɗeja?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Shirinmu na yau na ɗalibai ne da iyayensu. Yaro ya karanci aikin kula da jin daɗin jama'a, ko nazarin zamantakewa, ko raya karkara, a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ko wata kwaleji. Ya gama bautar ƙasa ya dawo gida, sai mahaifinsa ya ce: "To kai, wannan karatun naka aikin me ake yi da shi?" Likita an san asibitinsa, lauya an san kotunsa. Shi fa? Amsar tana bakin kogi, sai ku biyo mu.

(KIƊA)

Masarautar Haɗeja ƙananan hukumomi 8 ce: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Arzikin mafi yawansu ruwa ne: shinkafa, alkama, kifi da kiwo. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wani wuri ruwa ya yi yawa, wani wuri ya ƙafe. A 2018 da 2020 da 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a yankin. Injiniya zai yashe kogi, ya ɗaga jinga. Amma mutanen da ruwa ya kora, wa zai ji da su?

Ƙofa ta farko aikin agaji ce. Mu leƙa wata firamare da aka mayar sansanin 'yan gudun ambaliya. Aji ɗaya, iyali biyar ko shida, an raba tsakani da zane. Motar kayan agaji ta iso, kowa ya taso. Wanda ya fi ƙarfin murya shi ke gaba, tsohuwar da ke riƙon marayu uku tana can lungu, sunanta ma ba ya cikin takarda. Aikin mai wannan digiri ke nan: tun kafin mota ta zo ya bi aji-aji ya rubuta kowane gida, mai ciki nawa, mai shayarwa nawa, wa ke da lalurar nakasa, wane yaro ne ya rabu da iyayensa. Ya zauna da mai unguwa da liman a tantance sunayen a bainar jama'a, don kada wani ya shiga sau biyu, wata kuma a manta da ita. Irin wannan aiki ake yi a hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, da ta tarayya NEMA, da ƙungiyar Red Cross.

(KIƊA)

Ƙofa ta biyu asibiti ce. Manyan asibitoci suna da sashen walwalar marasa lafiya. Ma'aikacin sashen ba ya allura, ba ya rubuta magani. Shi ke neman dangin majinyacin da aka kawo ba kowa tare da shi, shi ke binciken wanda da gaske ba shi da halin biya, ya haɗa shi da masu zakka ko wata gidauniya. A babban asibitin Jahun, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008. Likita ya gama ɗinki, sauran aiki na nan: macen da miji ya guje ta, dangi suka ƙyamace ta, tana bukatar mai lallashi, mai zama da iyalinta, mai nema mata sana'a. A nan mata masu wannan karatu suka fi kowa daraja, domin akwai zauren da namiji ba ya wucewa, akwai maganar da mace ba ta faɗa wa namiji.

Ƙofa ta uku gwamnati ce, kuma dokoki sun faɗaɗa ta. A 2007 Gwamnan Jigawa Sule Lamido ya fara biyan masu bukata ta musamman naira 7,000 duk wata. A 2021 Jigawa ta samu dokar hana cin zarafin jama'a da dokar kare yara. A ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan sana'a rajista, a 2023 kuma aka kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai an samu mai kai ta ƙauye. Akwai jami'an walwala a ƙananan hukumomi da ma'aikatar mata, masu sasanta ma'aurata da bin haƙƙin yara. Akwai masu ba da shawara a hukumar NDLEA ga matasan da ƙwaya ta kama. Akwai jami'an walwala a gidajen gyaran hali.

(KIƊA)

Sai ƙungiyoyi masu zaman kansu. Daga 2013 zuwa 2019, Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da shirin tallafa wa masu juna biyu a Kiri Kasamma da Buji da Gagarawa, ana ba kowace mace naira 3,500 a wata da farko, tare da koyar da ciyar da jarirai. Irin wannan shiri yana ɗaukar masu rajista, masu bibiya da masu sauraron koke. Albashin ya fi na gwamnati tsoka, amma kwantiragi ne, ranar da kuɗin mai bayarwa ya ƙare, aiki ya ƙare. Wanda ya samu, ya yi tanadi, ya kuma ƙara ilimi.

Akwai kuma fagen da matasa ba su cika dubawa ba, wato sulhu. A Guri da Kiri Kasamma, da ruwa ya janye, fadama ɗaya manomi ke so, makiyayi ke so, masunci ke so. Jiha tana da hukumar manoma da makiyaya, a aikin noman rani na Auyo kuma akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Duk suna bukatar wanda ya iya zaunar da mutane, ya rubuta yarjejeniya, ya koma ya ga ko an cika ta. Mai jin Fulatanci ko Barbarci ko Badanci ya riga takwarorinsa nisa.

(KIƊA)

To, me ɗalibi zai yi tun yanzu? Kwali shi kaɗai ba ya isa, gurabe kuma ba su kai yawan masu nema ba. Ka koyi tattara bayanai da waya da kwamfuta, ka iya rubuta rahoto gajere da Hausa da Turanci. Ki yi aikin sa-kai a asibiti ko ƙungiyar unguwa, ki karɓi takardar shaida, domin masu ɗaukar aiki abin da kika taɓa yi suke tambaya. Wanda bai samu gurbi ba, ya haɗu da abokansa su yi wa ƙungiya rajista, su fara da abu ɗaya da za su iya, ko da mayar da yaran unguwa makaranta ne. Sama da komai, riƙon sirri. Ranar da labarin gidan wani ya fita daga bakinka zuwa majalisar shayi, ka gama aiki a garin nan.

Iyaye kuma, Baba da Inna, ku ba su lokaci. Ba sana'ar yin kuɗi da wuri ba ce, amma sana'a ce mai doka da matakan ƙarin girma, kuma ƙasar Haɗeja tana bukatar 'ya'yanta a cikinta.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. A madadin waɗanda suka haɗa shi, nake cewa mu kasance lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)