Fanabita da Motocin da Amurka Ta Yafe

A Amurka, idan mota ta yi hatsari ko ambaliya ta cinye ta, kamfanin inshora yakan kwatanta kuɗin gyara da darajarta. In gyaran ya kai wani kaso, a jihohi da dama wajen kashi 75 cikin ɗari, sai ya biya mai ita ya karɓe motar, a canza mata takarda zuwa wadda suke kira salvage, shaidar cewa an sallama ta. Daga nan sai filin gwanjo na Copart ko IAA, inda dillalanmu ke taya ta ta intanet suna zaune a Kano ko Legas. Ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Tin Can ko Kwatano, gabanta a lotse, gilashi a tarwatse. Wanda ke jiranta a nan shi ne fanabita.

Abin da ya raya wannan sana'a shi ne bambancin kuɗin hannu. Can, ladan awa ɗaya na mai gyara ya isa ya sa a haƙura da mota mai sauran lafiya. Nan kuwa mutum zai shafe mako biyu a kanta a kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Gwanin fanabita ba ya fara ɗaukar guduma sai ya kwance bamba da fitilu da lagireto, ya leƙa shasi. In ya karkace, sai a ɗaure motar da sarƙa, a sa jak a riƙa ja kaɗan-kaɗan, ana gasa ƙarfen da wutar walda, ana gwada kusurwa da kusurwa har su zo daidai. Wanda ya ja da ƙarfi ya yaga, wanda ya cika wuta ya kashe ƙarfen. Daga nan sai bugu, guduma a waje, dunƙulen ƙarfe a ciki, har lotsewar ta tashi. Za ka ga maigidan ya kawar da kai yana shafa jikin motar da tafin hannu, domin hannu na jin tudun da ido bai gani ba. Yaran shago su ne masu gugar fila da samfefa, kuma yaro kan daɗe a kan wannan kafin a yarda ya taɓa ƙofar motar mutane. Bayansa mai fenti ya karɓa, rewaya ya bi wayoyi.

Ina ganin girman mutanen nan ƙwarai, shi ya sa halin da sana'ar ta shiga yake damuna. Kuɗin hannu na naira ne, amma kayan gyara na dala ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk abin da ke kasuwannin kayan gyara na Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo ya bi ta. Su ma motocin sun canza. Fitilar Corolla ta da, ƙwai kawai za ka canza. Ta motar yanzu sau da yawa sai dai a sayi sukutum, ga na'urori a cikin bamba, ga kyamara a bayan gilashi da sai an saita ta da kwamfuta.

To, dillalin da ya biya gwanjo da jirgi da kwastam yana neman inda zai rage, kuma a inda ba a gani yake ragewa. Maimakon sabon ƙyaure, a cika tsohon da fila. Mafi muni, jakar iskar da ta fashe a sitiyari a mayar da murfinta ba komai a ciki, rewaya ya kashe fitilar gargaɗin. Mai saye ya ɗauki iyalinsa ya hau hanyar Kaduna yana zaton yana da kariya. Sayar da motar da aka gyara ba laifi ba ne. Ɓoye aibinta ha'inci ne, kuma fanabita da ya yarda aka yi da hannunsa yana da kaso a ciki.

Motar ruwa kuwa ta fi ƙarfin guduma. Bayan guguwar Harvey a Texas a 2017, dubban ɗaruruwan motoci ne suka nutse, kuma irinsu jikinsu sumul yake. Sai bayan watanni tsatsa ta ci wayoyi, yau giya ta ƙi shiga, gobe mota ta mutu a tsakiyar titi, kuɗi na ta zurarewa wurin rewaya.

Wannan ya buɗe wa tsofaffin hannu wata ƙofa, domin masu saye sun fara ɗaukarsu zuwa wurin dillalai. Mutumin zai manna maganaɗisu a ƙofa, in ya ƙi kamawa sau da yawa fila ce. Zai ɗaga kafet ya sunsuna, ya ja bel har ƙarshe ya nemi shatin laka, ya duba ƙarafan ƙarƙashin kujera. Yaronsa kuma ya kwafi lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 ya buga a waya, sau da yawa hotunan ranar gwanjo su fito. Dillalin da ya ce “ranka ya daɗe, ɗan gogewa kawai ta yi” sai ya koma maganar ragi.