Yadda Za a Raba Ɗaki Biyu Ba Tare da Gina Bango Ba

Jama'a, iyali na ƙaruwa, amma ɗaki ba ya ƙaruwa. Ɗakin da ya ishi ango da amarya, bayan shekara 10 sai ka ga ya yi kaɗan. A nan ake kwana. A nan ake karɓar baƙi. A nan ake ajiye kaya. Wani lokaci mai ɗakin tana sa tufafi, sai ga sallama a bakin ƙofa.

Gina bango yana cin kuɗi. Sai an sayi bulo da sumunti da yashi, a biya magini. Wanda ke zaman haya kuwa, ko yana da kuɗin, mai gidan ba zai yarda ba. To, akwai dabarun da za a mai da ɗaki ɗaya ya zama kamar ciki da falo, ba tare da an kwaɓa ƙasa ba. Ka'idar guda ɗaya ce, a riƙe ta da kyau: a tare ido, kada a tare iska.

Me ya sa za a raba ɗaki?

Dalili na farko shi ne sutura. A cikin Suratun Nur, aya ta 58, an umarci yara su nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi a huta, da bayan sallar isha'i. Haka kuma hadisi ya zo da umarnin a raba wa yara wurin kwanciya idan sun kai shekara 10. Idan kowa na kwance wuri ɗaya babu shamaki, cika wannan umarni zai yi wuya.

Dalili na biyu shi ne mutunci a gaban baƙo. Ba kowane baƙo ya kamata ya ga gadon matar gida ba. Dalili na uku kuwa shi ne natsuwa. Yaron da ke bitar karatunsa, da mai jego, da tsoho marar lafiya, duk suna son ɗan wurin da ba a tattaka su.

Kafin a fara

Kada a yi gaggawa. A tsaya a bakin ƙofa a dubi ɗakin tukuna. A lura da abubuwa uku.

Na ɗaya, ina taga take? Idan taga ɗaya ce, a bar wa ɓangaren ciki ita, domin ɓangaren waje yana samun haske da iska ta ƙofa.

Na biyu, ina hanya? Wanda ke kwance a ciki ya iya fita da dare ba tare da ya tsallake kowa ba. A bar mashiga mai faɗin ƙafa 2 da rabi zuwa 3.

Na uku, a auna. Idan babu ma'auni, igiya ta isa. A ja ta daga bango zuwa bango, a ƙulla alama, a tafi da ita wurin tela ko kafinta. Ba dole ba ne a raba ɗakin daidai wa daida. Ɓangaren gado ya ɗauki gadon da ɗan wurin tsayawa. Sauran a bar wa zama.

1. Labule

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi da araha. Ana bukatar waya mai ƙarfi ko igiyar roba, da ƙusa biyu manya, da yadi.

Ga lissafin. Yadi ɗaya ƙafa 3 ne. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma yana ba da falle 3. Tsawon kowane falle ƙafa 6 ne, faɗinsa kuwa ya kusa ƙafa 4. Idan faɗin ɗaki ƙafa 12 ne, falle 3 a tsaye da ƙyar za su rufe shi. Falle 4 su ne daidai, domin labulen ya sami tattara, ya yi kyan gani. Ke nan ana bukatar yadi 8.

Ba sai sabo ba. Tsofaffin zannuwa 4 masu kauri za su yi aikin. A jera su launi biyu, wannan bayan wannan, sai su fito kamar da gangan aka saya. Tela ya haɗa su, ya kalmashe sama ya bar hanyar da waya za ta bi. A ƙasa kuma ya ɗinke siririyar igiya mai nauyi a ciki, don kada iska ta riƙa ɗaga shi.

A gwada yadin kafin a rataya. A ɗaga shi a rana. Idan ana ganin inuwar hannu ta bayansa, to, ya yi shara-shara. Da dare, idan an kunna fitila a ciki, na waje zai ga inuwar mutum. Sai a ninka shi biyu. Mai hali ya nemi luru ko gwado na saƙar hannu, ko ƙyalle mai rinin shuni irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. Suna da kauri, kuma suna jure wanki.

Idan bangon na ƙasa ne, ƙusa ba ta daɗewa take zarewa. A fara kafa guntun icce mai tsini a bangon, sannan a buga ƙusar a jikinsa. A tsakiya kuma a ɗaure wayar da wata igiya zuwa azara, don kada ta lotsa.

2. Zana, asabari da tabarma

Waɗannan kayanmu ne na gida. Da kaka gamba ta bushe, zana tana araha. A zaɓi mai ƙaramar saƙa, wadda ba a hango mutum ta cikinta. A datse bakinta ya daidaita. A bi gefenta da ƙyalle mai launi a ɗinke, don kada tsinke ya soki yaro, kuma ta yi kyau.

Asabari ba na bakin ƙofa kaɗai ba ne. A jera 3 ko 4 a jikin gora ɗaya doguwa. Da rana a naɗe su sama, ɗaki ya koma ɗaya. Da dare a sake su. Tabarmar kaba mai rini ita ma haka. Buzaye na ƙasar Agadas sun daɗe da wannan hikima. Suna saƙa doguwar tabarma ta ƙaran ciyawa, su ƙawata ta da fata, su kewaye cikin bukka da ita. Tana tare ƙura da ido, kuma idan tafiya ta zo a naɗe ta a ɗora wa raƙumi.

Yaya za a tsayar da zana ba a haƙa daɓe ba? A sami manyan gwangwanaye ko tsofaffin bokitai 3. A tsayar da sanda miƙaƙƙiya a cikin kowanne, a cika da tsakuwa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ko ɗan sumunti. Idan ya bushe, a jera su, a gitta gora biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a ɗaure zanar a jiki. Ranar tashi daga gidan, sai a kwashe abin a tafi da shi.

Abokiyar gabar zana ita ce gara. Kada zana ta taɓa ƙasa. A ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, yadda tsintsiya za ta wuce ta ƙarƙashi.

3. Kwaba da durowa

Yawancin mata suna jingina kwaba da bango. A gwada juya ta. A tsayar da ita a tsakiyar ɗaki, gefe ɗaya ya taɓa bango. Gabanta ya dubi ƙofa, bayanta ya dubi gado. Nan take an sami bango, ba a sayi komai ba. Baƙuwa na shigowa, jeren kwanoni da tasoshi da tangaran za ta fara gani, ba gado ba.

Bayan kwaba ba shi da kyan gani. A lulluɓe shi da zane ko tabarma. Tsakanin ƙarshen kwabar da ɗaya bangon, a rataya ɗan labule ya zama ƙofa.

Wadda ba ta da kwaba, ta jera akwatunanta da adaka, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Kada jerin ya wuce ƙirjin mutum. Daga nan zuwa sama a cike da labule.

A nan akwai haɗari. Kwabar da ba ta jingina da bango ba tana iya rikitowa. Yaro yakan buɗe ta ya taka ya hau. Saboda haka a sa kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Idan daɓen ba daidai yake ba, a saƙa guntun katako a ƙarƙashi. Kafinta ya kama samanta da katako zuwa bango, ko a ɗaure ta da waya zuwa azara.

4. Allon naɗewa

Wannan aikin kafinta ne. Zai haɗa firam 3 na katako marar nauyi, kowanne tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 2. Sai ya haɗa su da irin ƙarfen da ake maƙala ƙyauren taga da shi. A cike tsakiyar kowane firam da yadi, ko tabarma, ko tsagaggen gwangwala. Idan aka buɗe shi a karkace, wannan ciki wannan waje, yana tsayawa da kansa. Idan an gama, a naɗe shi a jingine.

A ƙasashen Sin da Japan an yi ɗaruruwan shekaru ana amfani da irin wannan allo. Su takarda ko siliki suke mannawa, su yi zanen tsuntsaye da furanni a jiki. A wurinmu, mai iya ɗinkin hula ko sakar kwarashi tana iya ƙawata nata da hannunta.

Allon naɗewa ya fi dacewa da mai jego da marar lafiya, domin ana matsar da shi duk inda ake so.

A bar iska ta wuce

Ko wace dabara aka zaɓa, kada shamakin ya kai rufi. A bar aƙalla ƙafa 1 zuwa 2 a sama. Iska mai zafi sama take tashi. Idan ta sami hanya sai ta fita, mai sanyi ta shigo.

Wannan ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce. Sanƙarau da tarin fuka da ƙyanda suna yaɗuwa ta numfashi da tari, musamman inda mutane suka cunkushe babu iska. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Ciwon ya fi tashi da rani, lokacin ƙura da zafi. Don haka kada a yi shamaki da leda ko tamfol. Ba sa numfashi. Kada kuma a toshe taga da kaya.

A sani kuma, labule ba ya tare cuta. Wanda ya yi mako 2 yana tari, a kai shi asibiti a gwada shi. Labule ba ya tare sauro. Kowane ɓangare ya sami gidan sauronsa.

Hattara da wuta

Yadi da zana abincin wuta ne. Fitilar ƙwai, da aci-balbal, da kyandir, da maganin sauro na kunnawa, duk a nisanta su da shamaki kamar taku biyu. A ɗora su a inda yaro ba zai ture ba. Kaskon turare ma haka. Wanda ya sami fitilar sola ko tocila, ya fi kwanciyar hankali.

Kada a rataya labule a jikin wayar lantarki. Kada a dafa abinci kusa da zana. Da hunturu, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta. Tana kashe mutum yana barci. Rigakafi ya fi magani.

Tsafta

Bayan shamaki akwai duhu, ƙwari kuwa duhu suke so. A share ƙarƙashinsa kullum. A wanke labule duk wata. A fitar da zana da tabarma rana, a kakkaɓe su, saboda kuɗin cizo da kyankyaso da kunama. Kada a ɓoye hatsi a buɗe a bayan labule. Yana jawo ɓera, ɓera kuwa shi ke kawo zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa.

Abin da shamaki ba ya yi

Labule yana tare ido, amma ba ya tare kunne. Iyaye su kula da abin da suke faɗa. A koya wa yara yin sallama kafin su ɗaga labule, kamar yadda za su yi a bakin ƙofa. Idan ba a girmama labulen ba, ƙyalle ne kawai.

Shamaki na yara ƙanana ne da baƙi. Idan yara sun balaga, a raba maza da mata ɗaki. Samari su koma zaure ko shago. Haka kuma, ba a haɗa kishiyoyi a ɗaki ɗaya a ce labule ya raba su. Kowace mace tana da haƙƙin ɗakinta.

To, jama'a, ga dabaru huɗu nan. Kowa ya dubi ɗakinsa da aljihunsa ya zaɓa. Maigida ya shawarci uwargida kafin ya buga ƙusa, domin ita ta fi sanin inda take bi da inda take ajiye kayanta. Wanda ba shi da ko kwabo a yau, ya fara da igiya da zannuwa 4. Allah ya rufa mana asiri, amin.