Samariya da Gayya a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Samariya ita ce ƙungiyar da ke tattara samarin gari ɗaya ko na unguwa ɗaya a ƙarƙashin shugaban da suka amince da shi, kuma a ƙauyukan Hausawa na gabashin jihar Maraɗi, tun daga Hawandawaki da Korgom da ke kudancin gundumar Tasawa daura da iyakar Najeriya, har zuwa garuruwan gundumar Mayahi da ke arewa maso yamma, ta daɗe tana cikin ginshiƙan zaman gari tun kafin hukumar zamani ta san da ita. Ƙasa ce ta jigawa da noman damina, inda hatsi da wake da gyaɗa suke dogara da ruwan da ba ya wuce wata uku zuwa huɗu, saboda haka aikin da zai ciyar da gida shekara guda yakan taru a cikin 'yan makonni, kuma magidancin da ciyawa ta riga shi gona a waɗannan makonni ba shi da wata damar gyara sai baɗi. Wannan matsin lokaci shi ne tushen samariya, domin ƙarfin da gari yake da shi yana jikin samarinsa, kuma dole a sami hanyar da za a tara shi wuri ɗaya a rana ɗaya.

Ba a cika takarda ko a biya kuɗin shiga kafin a zama ɗan samariya. Yaro yakan shiga ne da zarar ya iya riƙe hauya ya bi sahun manya a kunya, yakan kuma fita sannu a hankali bayan ya yi aure, nauyin gida ya hau kansa, ya fara zama cikin magidanta a ƙofar masallaci. A bisa ƙungiyar akwai sarkin samari, wanda a wurare da dama na Nijar ake kira mai samari, a ƙarƙashinsa kuma akwai masu muƙamai da aka ari sunayensu daga fada, irin su galadima da waziri da alƙali, har da ɗan aike mai zagaya gida-gida da sanarwa. Wannan aro ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ta san tsarin sarauta da daɗewa, wadda kuma sarakunan Katsina na Haɓe suka fake a cikinta bayan da masu jihadi suka ci birninsu a 1807, kafin su kafu a Maraɗi. Da Turawan Faransa suka zo, samari ba su yi wata-wata ba suka ƙara da gwamna da kwamanda da likita a cikin jerin sarautunsu, musamman a wasannin kaka, abin da ke nuna cewa suna lura da duk wanda ke riƙe da iko, suna kwaikwayonsa rabi da gaske rabi da ba'a.

Sarautar samari ba ta gado ba ce, ko da yake ɗan gidan da ke da hali yakan fi samun sauƙin riƙe ta. Samari ne suke tsayar da wanda suke so, sannan a kai shi gaban mai gari ya tabbatar, wani lokaci har da naɗin rawani da kiɗa. Abin da ake dubawa a jikinsa shi ne haƙuri, da iya magana a gaban manya ba tare da rawar murya ko rashin kunya ba, da ƙarfin noma, sannan uwa uba sakin hannu, domin muƙamin ci yake yi, ba ya ciyarwa. Shi ne zai fara sa kuɗi idan ana karo-karo, a ƙofar gidansa ake sauke baƙin samari da makaɗa da 'yan kokawa da suka zo daga wani gari, daga aljihunsa goron farko yake fita, kuma idan wani yaro ya yi ɓarna a kasuwa ko a dandali, shi ake kira ya ba da haƙuri tun kafin a nemi uban yaron. Ba shi da dogari, ba shi da gidan kaso, kuma ranar da samari suka daina amsa kiransa sarautar ta ƙare ko da rawanin yana kansa. Saboda haka ikon nasa, in an duba da kyau, bashi ne da ya ɗora wa mutane ta hanyar hidima, suke biya da biyayya.

A wurin gayya ne ake ganin wannan tsari a fili. Gayya ita ce aikin taro da ake yi wa mutum ɗaya a rana ɗaya ba tare da lada ba, kuma an fi kiranta a lokacin noman farko da maimai, wato noma na biyu, sai kuma girbi da ɗaukar dammunan hatsi zuwa rumbu. Mai gona ba ya bin samari ɗaya bayan ɗaya. Yakan aika wa sarkin samari da goro ya faɗi bukatarsa, shi kuma sarkin ya duba ranar da ba ta ci karo da kasuwa ko wata gayyar ba, ya sa a yi shela. Da sassafe samari sukan jeru a bakin gona kowa da hauyarsa, a ƙasa mai yashi galibi doguwar hauyar nan da ake turawa a tsaye, makaɗin gangar noma yana biye da su yana kiran sunan kowa da na kakanninsa, yana zuga wanda ya yi gaba, yana yi wa na baya habaici. Kiɗan ba ado ba ne, domin shi ne ke daidaita saurin sahu, shi ne kuma ke mai da wahala gasa, har saurayi ya yi aikin da ba zai taɓa yi a gandun ubansa ba don kada a ambaci sunansa a cikin ragwaye 'yan mata suna ji. Da hantsi mata sukan iso da ƙoren fura da ruwa, mai hali ya ƙara da tuwo ko ya yanka akuya, kuma kafin azahar gonar da za ta ci wa gida ɗaya mako guda ta kammala.

Akwai gayyar da ake yi wa mai gari ko limami don girmamawa, akwai ta attajiri wadda ta fi kusa da nuna arziki, akwai kuma gayyar suruki, inda saurayin da ke neman aure yake kwaso abokansa su nome gonar uban yarinya, kuma yawan waɗanda suka amsa kiransa shaida ce a gaban surukai ta irin zaman da yake yi da mutane. A dukkansu ƙa'ida ɗaya ce: wanda aka je tasa zai je ta wani. Ba a rubuta wannan a ko'ina, amma babu wanda yake mantawa, kuma aikin alƙalin samari ke nan ya tuna wa mai gajeren tunani. Wanda ya ƙi fita ba tare da uzuri ba akan ci shi tarar goro ko 'yan kuɗi, wanda ya maimaita a ja masa kunne a gaban taro, wanda kuma ya kangare a ƙaurace masa, kuma a ƙauye babu hukuncin da ya kai a ce ranar aurenka ta zo babu abokin da ya zo kamun ango ko rakiyar amarya. Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana nazarin Hausawan Maraɗi, ya nuna yadda musayar kyauta a wajen biki take ɗaure mutane da juna, inda abin da ka kai wa wani yau zai dawo maka da ƙari ranar naka sha'anin, kuma gayya tana tafiya a kan wannan turba, sai dai gumi ake kaiwa maimakon kuɗi.

Sai dai akwai wani rukuni na aiki da ba a jiran ramuwarsa, kuma a nan ne ake gane darajar sarkin samari na ƙwarai. Idan magidanci ya kwanta ciwo a tsakiyar damina, ko mace tana takaba da ƙananan yara, ko tsoho ya rasa mai tallafa masa, ba a jira su aiko da goro, domin ba su da shi, kuma kunya ba za ta bar su su roƙa ba. Sarkin samari ne ya kamata ya gani da idonsa, ya shawarci mai gari, ya sa rana, kuma a irin wannan gayya ba a sa ran fura daga mai gona, kowa yakan sha a gidansu ya fito. Haka nan samari ne ke haƙa kabari da ɗaukar makara, su ne ke yasar rijiya idan ta cushe, da yaɓen masallaci kafin ruwa ya sauka, da share maƙabarta da filin idi, kuma idan gobara ta ci gida a lokacin hunturu, su ne ke shiga daji neman itace da kara da shuci a tayar da ɗaki kafin mai gida ya gama karɓar jaje. Malamai suna kiran wannan sadaka, suna kwaɗaitar da ladanta, amma mutanen gari sun fi ɗaukarsa a matsayin abin da ya wajaba, domin kowa ya san cewa gidan da ke ba da samari bana yana iya zama gidan da ke bukatarsu nan da shekara goma.

Tarbiyyar da ake samu a samariya ba ta da aji ko darasi. Ƙaramin yaro yakan fara da ɗaukar ruwa da kai saƙo, a sa shi kusa da wani babba a sahun noma ya koyi yadda ake bin kunya ba a sare shuka ba, ya ji yadda ake gaida surukai, da yadda ake shigar da ƙara, da yadda ake karɓar hukunci ba a yi fushi an bar taro ba. Akwai maganganun da kunya ta hana uba ya yi da ɗansa, musamman ɗan fari, kamar sha'anin neman aure da zaman iyali, kuma waɗannan a bakin yayyen samariya ake jin su. Wanda ya riƙe ƙaramin muƙami ya iya, akan ɗaga shi, ta yadda kafin ya zama magidanci ya riga ya san raba aiki da raba abinci da raba faɗa. Ba a rasa zalunci a ciki ba, domin manyan samari sukan danne ƙanana, kuma ɗan talaka yakan fi ɗan mai hali shan tara, amma makaranta ce da kusan kowane namiji a gari ya ratsa. 'Yan mata ma suna da tasu shugabar, wadda ke tsara kawo fura da waƙar dandali da gudummawar biki, kuma da wuya wani sha'ani ya yi armashi idan ba ta daidaita da sarkin samari ba.

Babban sauyi ya zo bayan da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilun 1974, a daidai lokacin da fari ya galabaita ƙasar. Da yake sojojin da suka yi juyin mulkin sun rushe jam'iyyar da ke mulki, sai suka nemi wata igiyar da za ta haɗa su da talakawa, suka same ta a samariya, suka shimfiɗa ta a duk faɗin Nijar daga ƙauye da unguwa har zuwa matakin ƙasa, daga baya kuma ta zama ɗaya daga cikin ƙafafu biyu, tare da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma, da aka ɗora tsarin raya ƙasa na wancan mulki a kansu. A wannan zamani samari sun gina azuzuwan makaranta, sun dasa itatuwa, sun share tituna, an gina gidajen samariya a garuruwa, an kuma riƙa gasar wasan kwaikwayo da waƙa tsakanin jihohi, kamar yadda gasar kokawa ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Ba za a musanta amfanin wannan aiki ba, sai dai ya juya alƙiblar ƙungiyar. Kiran da a da yake fitowa daga maƙwabci ya koma fitowa daga ofishin hukuma, aikin da ake yi don a rama ya koma aikin da ake yi don kada a shiga uku, sarkin samari kuma, wanda a da yake kallon samarinsa don ya san ko yana nan a kan mulki, ya koma kallon na sama da shi. Tarbar manyan baƙi da tafi da jerin gwano suka cinye lokaci mai yawa. Saboda haka da Kunce ya rasu a 1987, aka kafa jam'iyyar MNSD a 1989, sannan taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, samariyar hukuma ta watse cikin ɗan lokaci, a wasu garuruwan ma ta ja ta gargajiya suka faɗi tare, domin samarin gari ɗaya sun rabu bisa tutocin siyasa.

Ba siyasa kaɗai ta raunana ta ba. Yunwar 1984, wadda ta zo tare da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta Najeriya ta yi a wannan shekara, ta koya wa garuruwan bakin iyaka cewa noma shi kaɗai ba ya riƙe gida, kuma tun daga nan tafiya cin rani zuwa Katsina da Kano da Legas, daga baya har Libiya da Aljeriya, ta riƙa kwashe samari, wasu ba sa dawowa sai shuka ta yi nisa. Yawan jama'a ya sa gonaki sun tsattsage, gandu ya ragu, mai ɗan hali ya ga cewa ɗaukar 'yan barema, wato masu noman lada na yini, ya fi masa sauƙi da ciyar da taron gayya. Wa'azin Izala, da ya shigo Maraɗi daga Najeriya bayan kafa ƙungiyar a Jos a 1978, ya soki kiɗa da cuɗanyar maza da mata a dandali, kuma da dandali ya mutu a gari, samariya ta rasa wurin da take sanarwa da hukunci da saka wa jarumi.

Abin da ya maye gurbinta a yau ya rarrabu. Tun daga shekarun 1990 samari suka koma fada, wato majalisar abokai da ke zama a gindin bango ana dafa shayi, wadda take da suna da shugaba da ma'aji da asusun taimakon wanda zai yi aure ko suna ko jinya, wasu fadodin kuma suna yin sintirin dare da sharar unguwa, kamar yadda Adeline Masquelier ta bayyana a littafinta na 2019. Mata sun sami tasu hanyar a ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin asusu da bashi da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Zawiyoyin Tijjaniyya da 'yan agajin ƙungiyoyin addini sun ɗauki wani kaso na hidimar jana'iza da taro. Bambancin da ke tsakani shi ne fada ta abokai ce da suka zaɓi juna, tana taimakon nata, alhali samariya ta gari ce baki ɗaya, har da wanda ba shi da aboki. A ƙananan ƙauyukan Tasawa da Mayahi har yanzu ana naɗa mai samari, ana kuma kiran gayya, galibi ba ganga, kuma an fi kiranta don gonar majinyaci da ginin masallaci da aikin maƙabarta, yayin da noman mai hali ya koma hannun 'yan barema da garmar shanu.